Littafin da Ka Jera Mini Daga Dama

Zuwa ga Baba Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko kana raye ma sai an karanta maka, tunda da boko na rubuta.

Gida lafiya. Geron gonar bayan masallaci ya yi kyau, an kai rumbu. Inna ta fita takaba, amma har yau in ta dama kunu sai ta ɗauko kofinka kafin ta tuna. Yaya Sani ya karɓi karatun zaure. Yana ƙoƙari, sai dai ya fi ka faɗa.

Baba, na ɓoye maka abu. Ka san lissafi nake karantawa a digiri na biyu, ban taɓa gaya maka wane iri ba. Ilimin yiwuwa ne, wato auna yadda abu zai iya faruwa ko ya ƙi. Da shi nake son shiga binciken na'urar da ake fatan wata rana za ta koyi kowane aiki kamar yadda mutum yake koya. Ta yaya zan faɗa wa wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana hana mutanen garinmu zuwa wurin masu duba?

Ka tuna ranar da iskar hadari ta watsa mini takardu a tsakar gida? Babban littafinmu ne, wanda malaminmu na jami'a ya ce kada mu taɓa sauran sai mun ƙoshi da shi. Ba a samunsa a kasuwa, a waya na sauke, na buga a Minjibir, ganye ɗari uku ba ɗinki. Kai ka tsince su. Ka ci karo da mai zanen kwabo da ƙwayar lido, ka daɗe kana kallo, sannan ka tambaye ni ko duba ne ko caca. Na ce lissafi ne kawai, na sunkuyar da kai. Ka shige zaure da takardun, ba ka dawo da su ba.

Na ɗauka ka ƙona su. Na yi fushi da kai, Baba, kuma da fushin nan a cikina na riƙa kawo maka ruwan alwala har ka kwanta ciwo. Da ka rasu sai na ajiye karatun. Laccocin da na tara a waya ban sake buɗe ko ɗaya ba. Na ce ba zan ci gaba da abin da ka tafi ba ka sa masa albarka ba.

Shekaranjiya Yaya Sani ya fito da littattafanka a shanya saboda gara. A tsakanin na fiƙihu ya ga wani sabon tadarishi, wato bangon littafi, na jar fata, ya kwance igiyar, ya kira ni.

Takarduna ne. Ka bi lambobin ka jera su, amma daga dama, kamar littafin Larabci. A ƙasan kowane ganye kuma ka rubuta kalmar da ta fara ganye na gaba, yadda kuke yi wa littattafan da ba su da ɗinki don kada su sake rikicewa. Ba ka san harafin boko ko ɗaya ba. Zana su ka yi da alƙalaminka na kara, har da alamomin lissafin da ni ma suke ba ni wuya. Ka tsaya a ganye na ɗari da goma sha biyu, inda tawadar ta fara karkacewa.

Me ya sa ba ka gaya mini ba? Ni ma me ya sa ban tambaya ba? Na san ba za ka yi wa takardar caca rigar fata ba. Da na yi magana, da na shaida maka littafin nan bai san gaibu ba, iyakar abin da yake koya mini shi ne auna jahilcina.

Ranar Litinin zan hau mota in koma makaranta. Ban juya jerin ba, daga dama nake karantawa. Na ɗauki alƙalaminka, jiya na ɗora daga inda ka tsaya, na rubuta kalmar ƙasan ganye na ɗari da goma sha uku.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu da alheri. Ka yafe mini.

'Yarka da ta yi maka mummunan zato,
Hafsatu