Wayar Marigayi Tana Yawo, Ni Ina Takaba

Tarauni, Kano.

Zuwa ga Yayana Yusuf, a Fatakwal.

Assalamu alaikum, Yaya. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafarka, kai da Anti Sadiya da yara, ya sa ciwon bayan nan da ka koma da shi ya sake ka. Yaya kasuwa? Yaya ruwan garinku da ba ya ɗaukewa? Mu nan da sauƙi za a ce. Zahra'u ta fara gudu, har ba na iya cim mata a tsakar gida, kuma in ta ji an taɓa ƙofa sai ta ruga tana kiran Baba. Inna a ƙauye an ce ƙafar ce dai take matsa mata. Ban bari an gaya mata komai ba, kai ma don Allah kar ka gaya mata.

Ka san ba hannuna ba ne wannan. Maman Tobi ce take rubutawa ina faɗa, Bukola maƙwabciyata, wadda ta kawo muku ruwan sanyi ranar da ka zo mana gaisuwar Baban Zahra'u. A Kano aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta 'yan Kantin Kwari. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kar ta gyara mini. Da waya zan kira ka, to an karɓe wayata, lambarka kuma a ciki take. Marigayi ne ya sa mini ita da hotonka, ni hoton kawai nake dannawa. Shi ya sa zan ba direban motar albasa, ya ce ya san rumfarka.

Yaya, za a karɓe mini Zahra'u. Ba wannan Juma'ar ba, ta sama, in an sauko masallaci. Dangin ubanta na Daurawa ne za su zo su ɗauke ta. Bari in faro maka daga farko, don kai ma in ka ji a bakin wani za ka ce ni ce.

Ka tuna aikin marigayi, wanda kake yi masa tsiya kana cewa ana biyansa don ya ji rediyo. To haka ne. A wani bene a Gyadi-Gyadi suke, su toshe kunne da abin sauraro tun safe, in mai kamfanin sabulu ko na taliya ya biya a sa masa talla, su ne za su gaya masa an sa ko ba a sa ba, da abin da aka faɗa a kansa a rediyo da jarida. Kunnen Gari ake ce wa wurin, da wani ƙaton kunne kore a jikin allonsu. Ni sau ɗaya na taɓa zuwa, ranar da na kai Zahra'u riga-kafi na biya ya gan ta. Ana nan sai ogansu, Oga Cyprian, ya ce yanzu duniya ta koma cikin waya, sunan nan ya tsufa, za a sake suna, a sake fenti, a ɗinka musu sababbin riguna. Ya kuma raba musu manyan wayoyi, ya ce duk inda mutum ya je, wurin taro ne ko wurin cin abinci ko gindin allon talla, ya danna wani abu a ciki, wayar ta shaida wa kowa ga wane a wuri kaza. Cekin suke ce masa. Ta haka masu talla za su san an je, mutanen gari kuma su saba da kamfanin.

Baban Zahra'u abin ya shiga ransa, ka san shi da son mutane. Duk inda ya danna sai ya ƙara da 'yar maganarsa, ya ce gurasar wurin nan ta yi, mai shayin can yana ha'incin madara. Mutane suka yi ta binsa a ciki, har ya fi ogan nasa jama'a. Ɗakinmu ma sai da ya sa shi, ya raɗa masa Fadar Zahra'u. In ya dawo da yamma sai ya danna, ya ce mini ya shaida wa duniya ya iso fada, saura a kawo wa bafade tuwo. Maman Tobi tana dariya tana hawaye, ta ce ita ma ta sha gani a tata wayar.

Da ciwon ya kwantar da shi a asibiti, wani abokin aikinsa ya zo dubiya, shi da kansa ya miƙa masa babbar wayar, ya ce aiki kar ya tsaya, in ya tashi zai karɓa. A gabana aka yi. Bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni kuwa na shiga takaba, ko ƙofar zaure ban sake leƙawa ba, ruwa ma Maman Tobi ke tsayar mini da mai garuwa.

Bayan ka koma, ba a daɗe da yin sadakar arba'in ba, sai ga Auwalu, ƙanin marigayi mai adaidaita. Ka san shi ne abokin wasana a gidan, matarmu yake ce mini, in ya shigo sai ya buɗe tukunya kafin ya yi sallama. Ran nan a tsaye ya tsaya, bai ko amsa sannuna ba. Ya juyo mini da wayarsa, sai ga fuskar Baban Zahra'u yana murmushi, hoton da ya ɗauka da hular sallah. Yaya, sai da na dafa bango. Ya karanta mini, da sunan marigayi yake fitowa, wai Bashir ya iso wurin shawarma a Unguwa Uku. Ya ja ƙasa, wai Bashir ya iso wani otal, ana taro. Wai ya iso wurin shan askirim. Duk bayan mun binne shi. Ya ce shi dai ya san matacce ba ya shan askirim, saboda haka in fito da wayar yayansa. Na ce wallahi ba ta wurina, tana wurin aikinsu, ya je Kunnen Gari ya tambaya, bene ne mai koren kunne. Ya je. Ya dawo ya ce ya zagaye Gyadi-Gyadi, babu kunne babu dalilinsa, masu shaguna ma sun ce ba su san wurin ba. Ya ce ashe ban da yawo har ƙarya na iya.

Daga nan magana ta isa wurin Baba Lawan, mahaifinsu. Ya aiko aka bincike ɗakin, har ƙarƙashin katifa, har cikin buhun gero. Ba su ga komai ba, suka tafi da 'yar ƙaramar wayata. Suka ce babbar na ba wani ajiya ne. Kuma abin bai tsaya ba, Yaya. Kullum sai sunansa ya fito. Matan Daurawa da ba su taɓa riƙe babbar waya ba, yanzu kowace ta san inda na ci abinci jiya. Wata da ta zo wai duba ni, ina kallonta tana shinshina hijabina ko za ta ji turare. Baba ya ce ba za a bar jikarsa a hannun macen da ba ta iya zama wa ɗansa 'yan watanni ba. Suka ce yaye za a kai ta wurin kakarta. Amma wane yaye ne ake cewa a haɗo da duk kayanta, har katin asibiti?

Na yi kuka har na gaji. Maman Tobi ta ce za ta je ta nemo, to ita ma sunan za ta tambaya, sunan kuma babu. Ni kaɗai na san wurin ba da suna ba. Na tambayi matar limamin layinmu, ta ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Na ce in wannan ba lalura ba ce, ban san lalura ba. Ranar Talata da hantsi na bar Zahra'u a wurin Maman Tobi, na zura hijabi har ƙasa, na fita. Titi ya zame mini baƙo.

Na sami benen. Mai facin da na gani a gindin darbejiya wancan zuwan yana nan, matakalar ƙarfen ma tana nan. Fenti ne ya koma shuɗi, an cire kunnen, an sa wani abu kamar ɗigon ruwa a kife, da suna na Turanci, an faɗa mini har sau nawa ban riƙe ba. Na hau. Duk suna cikin riguna iri ɗaya, da yawa ban san su ba. Na ce ni ce matar marigayi. Oga Cyprian ya fito da sauri, ya ba ni kujera, ya yi mini gaisuwa da Hausarsa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce wayar suka ba wata sabuwar ma'aikaciya, Zainab, suka ce ta ci gaba da dannawa. Sun so su cire sunansa, sai aka ce in an cire mutanen da ke binsa za su watse, ga shi lokacin ne suke son a san sabon sunan, sai ya ce a bari tukuna a gama bikin buɗewa. Daga nan ya manta. Ya ce shi lissafin jama'a ya yi, bai taɓa kawowa a ransa akwai mace a ɗaki da za a tambaya ba. Zainab ɗin aka kira, yarinya ce kamar ni, ta durƙusa tana ba ni haƙuri, ta ce ita ko askirim ɗin ba ta sha ba, a ƙofa take tsayawa ta danna ta wuce. Na rasa wanda zan yi wa faɗa, Yaya. Da na tarar da mugun mutum da na fi samun sauƙi.

A gabana ya sa aka rufe abin, ya ce daga yau sunan Bashir ba zai sake fitowa ba. Sannan ya buɗe kabad ya ɗauko mini riga a leda, shuɗiya, sabuwa. Ya ce ta marigayi ce, an ɗinka da shi, ba ta iso ba sai bayan rasuwarsa. Na karɓa na rungume. Na sauko ina jin kamar an sauke mini dutse.

Ina tsaye a bakin titi ina jiran abin hawa, da ledar a ƙirjina, sai na ji an taka birki a tsallake. Auwalu ne, da fasinja a baya. Ya dube ni, ya dubi ledar, ya ja ya tafi. Na ɗaga hannu ina kiransa, bai waiwayo ba.

To ka ga yadda ta kasance. Sun ce an kama ni da ido a Gyadi-Gyadi na yi sayayya. Kuma sun ce a duba, tun ranar da aka kama ni wayar ta yi shiru, wace shaida ake nema kuma? Na aika Baban Tobi da rigar ya nuna musu, Baba ya ce bai san da wata riga ba, ɗansa kore yake sawa. Oga Cyprian ya ce a shirye yake ya je Daurawa da wayar da Zainab ɗin, su yi bayani. Baba ya aiko cewa ba zai zauna da baƙon namijin da mai takaba ta je ta samo da ƙafarta ba. In akwai magana, namiji daga gidanmu ya zo. Ni kuma wa nake da shi in ba kai ba?

Ban ce mugaye ba ne. Baba ya rasa ɗa, kullum kuma ana nuna masa fuskarsa a ƙofar otal, dole ransa ya ɓaci. Amma ni ban yi ba, Yaya. Fita ɗaya na yi, ita ma don in nuna ba na fita ne. Don girman Allah ka bar rumfar a hannun wani ka taho. Ka fara biyawa ta wurin ogan, Maman Tobi za ta rubuta maka lambarsa da sabon sunan a bayan takardar nan, kar ka tambayi Kunnen Gari, ba wanda zai nuna maka. Ku je tare, kai ne za ka yi sallama, shi ya tsaya a bayanka. Ka yi wa Baba magana a hankali, kar ka ɗaga murya, na san ka.

Akwai abin da na fara, ban gaya wa kowa ba sai mai rubutun nan. Na ga in ba ka iso ba suka ɗauke ta haka, tana kan nono, kwana za ta yi tana ihu a gidan da ba ta saba ba, ba mai lallashinta. Gara ta ƙi shi tun tana hannuna. Jiya na sa aka samo mini maɗaci na shafa. Ta zo da gudu kamar kullum, ta kama, ta saki, ta tsaya tana kallona. Ba ta yi kuka ba. Ta sa bakin zanena tana goge mini, wai datti ne, ta sake kamawa. Yau ko kusa da ni ba ta zo ba, tana can ɗakin su Tobi. Maman Tobi ta ce in dakata, na ce ba zan iya jira in gani ba. Ruwa dai yana nan a buta. In na ji sallamarka zan wanke maɗacin.

Ka gaishe mini da Anti Sadiya, ka ce ta sa ni a addu'a. Ka gaishe da Abba da ƙannensa, da duk mutanen garinmu na nan kasuwa. Maman Tobi da Baban Tobi suna gaishe ka, ta ce ka yi haƙuri da inda biro ya jiƙe, ba ni kaɗai ba ce. Allah ya kawo ka lafiya, ya tsare hanya.

Ƙanwarka,
Asabe, Maman Zahra'u.