Tanki Goma Kafin Asabar

Suruki,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da keken ɗinkinka. Shekara uku ke nan ba ka amsa sallamata, to ga takarda ta kan katanga. Makarantar yamma da na shiga da furfurata ba ta tafi a banza ba.

Albishirinka! Jikarmu ta gama haɗa ɗan jirginta mai tashi da rimot, ta sa masa sabon inji. Ran Asabar za ta tashe shi gaban malamanta, kuma da shi za ta ci jarrabawa ko ta faɗi. Ni ta damƙa wa horar da injin, ni tsohon mai niƙa! Na ɗaure shi a benci. Tanki goma zai sha, minti biyar-biyar, ana barinsa ya huce, a buɗe masa mai sosai har ya yi hayaƙi. Ka yi haƙuri da ƙara.

Na bar ka lafiya,
Mai Niƙa

*

Mai Niƙa,

Lafiya lau, sai abin da ka jawo. Ƙara ba ta dame ni ba, na saba da muryarka. Amma farin yadin mutane da na shanya duk ya ɗige da baƙin mai. Shekara arba'in ina kan keke, ɗigo biyu ke isar inji. Wanda ke tofar da mai, mai shi ne bai san aiki ba. Kuma ka daina cika baki, a ɗakina aka haifi yarinyar nan.

Ka huta,
Tela

*

Tela,

Gaisuwa, don an koya mana a fara da ita.

Jiya na fita aski. Da na dawo na tada tanki na bakwai, sai injin ya yi ta ƙara babu hayaƙi, ya ɗau zafi, ya tsaya cak. Ashe an matse ƙusar da ke buɗe masa mai. A kan ƙusar akwai shuɗin alli, kuma ni ba na yanka yadi. Ka haura katanga da wannan gwiwar taka?

Jikarmu ta dawo ta taɓa farfela, farfelar ta ƙi juyawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci abinci ba.

Allah ya shirye ka,
Mai Niƙa

*

Mai Niƙa,

Barka da yau. Ni ne. Na ɗauka gyara nake yi. So na yi ta ce Kaka Tela ne ya gano matsalar. Kullum ina jin ta ta katanga tana tambayarka abubuwa, ni kuwa sai maɓalli ya tsinke take tunawa da ni.

Ka gaya mata.

Tela

*

Suruki,

Ina kwana. Kai za ka gaya mata da bakinka. Ta kwance injin, ya ɗan karce a ciki, amma yana motsi, alhamdu lillahi! Ƙananan ƙusoshin sun fi ƙarfin idona. Ta ce ka zo da tabaranka.

Ta ƙofa za ka shigo. Kuma ka kwashe yadinka, yau hayaƙi za mu yi.

Mai Niƙa