Shekara Ashirin da Biyu Ban Kira Sunanta Ba

Hajiya Batula, ki taimake ni da shawara, don 'yata ta ba ni wa'adin kwana goma, yau saura takwas. Biyun na ɓata su wajen neman wanda zai gyara mini wannan wasiƙa, ban samu ba, sai ki yi haƙuri da rubutuna. A aji biyar na bar lakwal, makarantar boko, a Damagaram, ba don na ƙoshi da ilimi ba, mushe, wato malaminmu, shi ne ya ƙoshi da ni.

Motar ɗaga kaya nake tuƙawa a wani sito a Saint-Fons, gefen birnin Lyon a Faransa, muna zaune a unguwar Minguettes ta Vénissieux, hawa na tara. Matata, Allah ya jiƙanta, Ba'indiya ce, Musulma, daga wani gari da ake kira Karikal. A Paris na gan ta, a kantin yadin yayanta Amine, bayan Gare du Nord. Na shiga sayen yadi biyar, na yi wata shida ina komawa duba ko launin ya canja. Faransancina gurgu ne, nata makaho, haka muka ja juna har gaban liman. Ta haifa mini 'ya ɗaya, ta rasu yarinyar na da shekara bakwai. Ni na raine ta, da tuwo mai gudaji, da kitson da 'yan ajinsu suka riƙa zuwa kallo, har ƙanwata Husainatu da ke Rillieux ta ƙwace kan daga hannuna.

Da ta ci jarrabawar bak, ta gama sakandare, ta tafi Paris karatun jinya, ta sauka gidan kawun nata. Daga nan Indiya ta tashi mata. Ta dawo hutu da sarin uwarta da kawun ya ajiye, tana koyon Tamil a waya, tana dafa miyar da ke sa ni hawaye ta ido da ta hanci, ina ci ina cewa madalla. Wallahi ban ji haushi ba. Ranar da ta fito daga ɗaki cikin koren sarin nan, sai da na shiga banɗaki na kunna famfo, na daɗe ban fito ba.

Wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji Illiassou, dattijon mutanenmu a nan, ya tare ni a gaban jama'a, wai na saki yarinya ta zama 'yar fim, wai ɗa na uba ne, me ya haɗa jikar Damagaram da Indiya. Na ce masa shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bencin silima yana rera waƙar Indiya ba ya jin ko kalma ɗaya, ba shi zai yi wa mai jinin abin gori ba. Tun ranar gaisuwarmu ta koma ɗaga hannu daga nesa. Ko a jikina. Rabinta na can ne, kuma ba sato shi ta yi ba.

Matsalar daga cikin gida ta ɓullo. Kin san al'adarmu. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata aka sa mata, kunya biyu ke nan a kai ɗaya. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunanta ba, Mamzel nake ce mata, yadda Faransawa ke kiran budurwa. Uwarta ma Madam nake cewa har ta koma ga Allah. Ko a wasiƙar nan ki duba, ba za ki samu ba. Tana ƙaramar makaranta na je ɗaukarta, sabuwar malama ta tambaye ni sunan yarinyar da na zo ɗauka, na tsaya ina nuna ta da leɓe. Saura ƙiris a kira mini 'yan sanda, sai da na zaro takarda na ɗora yatsa a kai. A da, in na ba da wannan labari, har da ita ake dariya.

Yanzu ta daina. A gidan kawunta, duk shekara in ranar rasuwar uwarta ta zagayo, suna tara dangi, a yi girki, a yi addu'a, babban namiji ya miƙe ya ambaci sunan mamaciyar da na 'yar da ta bari. Shekara goma sha biyar suna gayyata ta, ni ina yin sadakata a nan shiru. Ta ce a yini ɗaya a gidan ta ji sunan uwarta fiye da yadda ta ji shi a gidana tun tasowarta. Ta ce sunanta ne kaɗai abin Indiya da uwarta ta bar mata a jiki, kuma shi nake gudu kamar garwashi. Wai sau biyu na binne matar. Wannan maganar ta shige ni, ba zan ɓoye miki ba.

Mako ɗaya bayan addu'ar bana za ta tafi Karikal shekara guda, wajen kakarta takwararta, ta yi aiki a wani asibiti. Na sa albarka. Amma ta ce bana ni zan miƙe a Paris in faɗi sunayen nan biyu a gaban mutane. In ban zo ba, daga can za ta wuce, ba za ta sauko Lyon sallama ba, kuma kar in wahalar da kaina zuwa filin jirgi.

Hajiya, ni na ce ba zan faɗa ba. Ubana ya rasu bai kira sunan yayanmu ba, amma da yayan ya yi ciwo, shi ya goya shi a baya har wajen likita. Ita an yarda ta tono asalinta, ni ma na tsaya mata, sai ni za a ce in zubar da nawa a gaban surukai, da bakina? Ƙasa na bari, abinci na bari, sunana ma Faransawa sun lanƙwasa shi ina amsawa. Wannan kaɗai ya rage mini. Husainatu ta ce in ƙyale ta, yarinya ce, za ta huce. Ni na san wadda na haifa, taurin kan nan ba daga Indiya ta ɗauko shi ba. Ki gaya mini yadda zan riƙe bakina ba tare da na rasa 'yata ba.

Baban Mamzel, Vénissieux

Malam Baban Mamzel, rubutunka ya fita sarai, mushe ne ya yi asara.

Ba zan ce maka kunya ƙauyanci ce ba. Ni ma 'yar fari ce, na san abin da ke ƙarƙashin irin wannan shirun. 'Yarka kuma ta yi kuskure da ta gindaya maka wa'adi. Ba a yi wa uba haka, ko a Damagaram ko a Karikal, kuma in tana karanta wannan fili, ta ji.

Amma ga inda ka yi tuntuɓe. A gida, kunya tana da masu fassara ta. Da a Damagaram ta tashi, kafin ta yi wayo gwaggonni da kakanni sun gaya mata sau ɗari cewa ɗan da uba ba ya iya kiran sunansa shi ne a ƙoƙon ransa. A hawa na tara babu wanda ya gaya mata. Ta ga iyayen ƙawayenta suna kiran 'ya'yansu, ta ga naka bakin a rufe, ta fassara da abin da ta sani. Ka taɓa zaunar da ita ka faɗa mata dalili, ba cikin wasa ba? Ina zaton a'a. Barkwanci ya yi maka rana shekara da shekaru, amma wannan karon ba zai fisshe ka ba.

Kar ka jira ranar taro. Ka hau jirgin ƙasa ana gobe, ka nemi ku zauna ku biyu, ba kawu, ba Husainatu. Ka ba ta labarin mahaifinka da yayanku. Sannan ka ba ta labarin uwarta, abin da take so, abin da ke ba ta haushi, abin da ta ce ranar da ta haife ta. Dangin Paris sun san ta tana budurwa. Shekarun aurenta kuwa kai kaɗai ke riƙe da su, kuma wani yanki na Indiyar da yarinyar ke nema yana wajenka.

Batun sunan marigayiya, ban ga inda al'ada ta ɗaure ka ba. Kunya tsakanin masu rai ce. Wanda ya miƙe a wajen addu'a Ubangiji yake gaya wa wadda zai jiƙanta. Ka faɗa. Na yarinyar kuwa, tunda surukarka na raye kuma danginta ne za su cika ɗakin, ka roƙe ta ta bari kawunta ya faɗa a taro. Ina ganin in ta ji dalili za ta sassauta. Amma a zaman ku biyu, ka dube ta ka kira ta da shi, sau ɗaya. Babu abin da zai ragu daga Hausancinka.

In ta ƙi sassautawa, to ka miƙe ka faɗi duka biyun. Kunyar minti ɗaya a gaban surukai tana wucewa kafin a kawo abinci. 'Yar da ta hau jirgi ba sallama kuwa, ba ka san ranar da za ta juyo ba.

Allah ya jiƙan Madam, ya kai yarinya lafiya ya dawo maka da ita, ya kuma sauƙaƙa maka harshe ranar.

Hajiya Batula