Awakin Bayan Allo

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ba a barinmu da waya a makaranta, shi ya sa na ba direban da ke kawo mana burodi wannan takarda.

Kawu, ina cikin matsala, kuma kai ne ka san aikin nan. Malamin kwamfuta ya zaɓe ni in nuna wasan da na haɗa ranar baje kolin makaranta. Na ɗauko laburaren da wasu suka rubuta, wato tarin umarnin kwamfuta da ake ara, a ciki akwai kilas na akuya, wato samfurin da ake fitar da awaki daga gare shi. Duk wanda ya danna maɓalli, sai sabuwar akuya ta fito ta ci ciyawa. Amma da wasa ya yi nisa sai kwamfutar ta fara nishi, komai ya tsaya cak. Ita kaɗai ce mai aiki a ɗakin kwamfutarmu. Malam ya ce in ban gyara ba, zai ba wata ta nuna kalkuletarta.

Ka huta lafiya.
'Yarka

Shiru-shiru,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Tambaya ɗaya: in akuya ta ƙoshi, ina take zuwa?

Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Don Allah kada ka yi dariya. Na ga umarnin gogewa a bayanin laburaren, amma masu laburaren sun yi wa awakin idanu manya-manya, har ƙiftawa suke yi. Na kasa. Sai nake tura kowacce bayan allon kwamfuta, inda ba a ganinta.

'Yarka

Shiru-shiru,

Barka da kiwo! Na yi dariya har Antinki ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Ke ba kya ganinsu, amma kwamfuta tana ɗauke da su duka a ƙwaƙwalwarta, kowacce tana can tana taunar iska. Garke guda kika ɗora wa tsohuwar kwamfuta! Laburaren aro ne, amma duk akuyar da kika ƙirƙiro taki ce, ke za ki sallame ta. Ki goge su. Samfurin yana nan, ba zai ƙare ba. In tausayi ya hana ki, ki ƙirƙiri guda ɗaya ki riƙa dawo da ita.

Allah Ya ba da sa'a.
Kawunki

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa. An yi baje koli, kwamfutar ba ta yi ko tari ba. Shugabar makaranta ta yi ta dannawa har aka janye ta.

Shawararka ta biyu na bi. Na bar guda ɗaya, bunsuru mai gemu, shi ke fita yana dawowa. Da aka tambaye ni sunansa a gaban kowa, na ruɗe na faɗi naka. Yanzu duk makaranta sun san shi.

Ka yafe mini.
'Yarka