Tarin da Ka Bar Mana a Gida

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mama tana nan da sauƙi, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. Baban yara ya koma bakin aiki, manyan kuma suna zuwa makaranta. Autata Uwar Surutu ce dai ba lafiya, kuma saboda ita na zauna rubuta maka, don in na kira ka a waya faɗa za mu yi, ba za ka ji ni ba.

Yarinyar da ka sani ba ta rufe baki, yanzu sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Tun bayan tafiyarka ta fara rama, ga zazzaɓi, ga tari. Aka ce tarin fuka ne, muka yi wata da watanni muna ba ta magani, kamar ana zuba ruwa a kwando. Da yake ba ta iya fitar da kaki ba, sai da aka zura mata roba ta hanci har ciki, ni na danne mata hannuwa. Sakamako ya fito, likita ta ce irin tarin nan ne da ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Ta ce yaro mai shekara shida yawanci a wurin babba yake ɗauka, ta tambaye ni ko akwai wanda ya yi tari a gidan. Na ce ƙanena ne, amma ya shanye maganinsa tas, ya warke. Da bakina na tsaya maka.

Da na dawo gida na faɗa wa Mama, sai ta fashe da kuka. Ta ce ai tun kana ɗakin ƙofar gida ka daina shan maganin, wai yana sa ka jiri in ka hau tsani kana fenti, kuma ka roƙe ta kada ta gaya mini. To jirin gaskiya ne, ban musa ba. Amma bakinka ciwo yake yi da ba za ka koma asibiti ka faɗa musu ba? Kana ganin yarinyar nan kullum tana kan katifarka, taga a rufe, tana cin abinci a kwanonka, ka yi shiru. Likita ta ce ba za ta rantse cewa daga wurinka ta ɗauka ba. Ni ma ban rantse ba, amma babu wani mai tari da ya kwana a gidan nan.

Yanzu kullum da safe sai na daka ƙwayoyi a cokali, ta sha ta amayar, mu koma asibiti a gaya mana yadda za a yi. Ɗaya daga cikin magungunan ya rine mata fata, har 'ya'yan maƙwabta suna leƙowa kallo. Keken ɗinkina ya yi ƙura, masu kawo ɗinki sun ɗauke ƙafa.

Duk wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da Mama ta ce har yanzu tana jin tarinka a waya, kuma ka ce kada a gaya wa matarka, wai hankalinta zai tashi. Jariri kuke da shi, a ɗaki ɗaya kuke kwana. Na ga abin da ciwon nan ya yi wa mai shekara shida, ba na so in ga abin da zai yi wa ɗan wata uku. Ka je a gwada ka, ka faɗa musu gaskiya cewa ka taɓa yanke magani, a duba matarka da yaron. Ka gaya mata da bakinka. In ka ƙi, ni zan gaya mata, ka yi fushi da ni har ƙarshen rayuwarka, na yarda.

Mama tana gaishe ka, Baban yara ma haka, ko da yake sai da na tambaye shi. Ka gaida amaryarmu da ɗan jaririna, da Kawu Dogo in kun haɗu. Uwar Surutu ta ga ina rubutu, ta tambaya ko kai nake rubuta wa, ta ce in gaya maka jiya ba ta yi amai ba. Ba ta san komai ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Taka,
Yayarka