Tsohon Kaya, Tsohon Farashi

Litinin, 3 ga Maris

An ƙara kuɗin fito. A rediyo na ji ina cikin buɗe shago. Duk kayan lantarkin da ake shigowa da su daga waje, waya, talabijin, rediyo, lasifika, har caja, an ɗora musu kashi ashirin da biyar. Wai daga yau.

Kafin rana ta yi tsaka layinmu ya birkice. Kowa ya duƙufa yana ɓanɓare takardar farashi yana manna sabuwa. Maƙwabcina na hannun dama, Mai Lasifika, har da hawa kujera don ya kai kanta ta sama. Na leƙa na ce masa, kayan nan naka da asubar yau suka sauko daga jirgi? Ya yi dariya, wai, "Dattijo, kasuwa ce."

Kasuwa ce! Talabijin ɗin da ya yi wata uku a shagonsa yana shan ƙura, yau shi ma ya je ya biya kwastan ya dawo.

Ni ban taɓa komai ba. Waya sittin gare ni, talabijin goma sha biyu, sai ƙananan tarkace. Da tsohon haraji suka shigo, da tsohon farashi za su fita. Shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a, ba da furfura zan koyi sata ba.

Talata, 4 ga Maris

Akanta ta tare ni. 'Yata ta fari ke nan, ni na raɗa mata sunan saboda lissafin da ta karanta. Bara ta ajiye aikin ofis ta dawo shago, domin na riga na faɗa a gaban uwarta da ƙannenta cewa ranar da na gaji, shagon nata ne.

Ta ɗauko waya ɗaya ta ajiye a gabana. "Baba, in ka sayar da wannan yau, da me za ka mayar da irinta kan kanta?" Na ce da kuɗinta mana, har da riba. Ta ce ba za su kai ba. Wai farashin kaya ba abin da ka biya jiya ba ne, abin da za ka biya gobe ne.

Na ce to, haka ake koya muku a makarantar? A ci kuɗin mutum kan harajin da ba a biya ba?

Ta sha mur ta koma kan takardunta. Hancin uwarta, taurin kan nan kuwa ban san inda ta samo shi ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yanki kwali babba, na rubuta da manyan baƙaƙe: TSOHON KAYA, TSOHON FARASHI. Na rataya a bakin ƙofa. Wanda abin ya yi wa zafi ya sha ruwa.

Asabar, 8 ga Maris

Yau ko zama ban yi ba. Tun safe mutane, har waje.

Wata malamar asibiti ta zo da tsohuwar wayarta an ɗaure da roba. Ta ce wata huɗu tana tari, ranar da kuɗin suka cika ranar aka ƙara. Ta zaga shago bakwai. Da na faɗa mata farashi sai ta sake tambaya, ta ɗauka ban ji labarin ƙarin ba. Har ta fita tana sa mini albarka. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, na yi kamar ƙura ce.

Na kalli Akanta don ta gani da idonta. Tana can tana rubuta rasit, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Talata, 11 ga Maris

Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwar layinmu ya zo, da mutum biyu a bayansa kamar masu zuwa biko. Ya zauna, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya shigo da zancen. Wai ina kashe musu kasuwa. Wai kwalin da na rataya zagi ne, kowa ya karanta sai ya ɗauke su ɓarayi.

Na ce ni ban ambaci sunan kowa ba.

Ya ce, "Dattijo, ba mu muka sa harajin nan ba. Mu ma ta kanmu ya bi."

Na ce ya bi ta kanku ranar da kuka sayo sabon kaya, ba kafin nan ba. In ƙungiya za ta ci ni tara, ta ci. In za ta kore ni, ta kora. Kwali dai yana nan.

Da suka fita ƙirjina wasai. Na daɗe ban ji daɗin kaina irin na yau ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Talabijin saura huɗu. Tsakanina da Akanta gaisuwa ce kawai.

Asabar, 15 ga Maris

Raina a ɓace yake.

Na fita zubar da shara, idona ya faɗa cikin shagon Mai Lasifika. Talabijin ɗina! Na san shi kamar tafin hannuna, gefen kwalin ya yage tun wajen saukewa, ni na liƙe shi da shuɗin salatif. Ga shi zaune a kantarsa da sabon farashi a goshi. Kusa da shi wayoyina, aƙalla tara.

Sai yanzu na gane matar nan da ta zo sau uku, yau na mijinta ne, gobe na ƙanwarta. Da mutumin da ya ce na makaranta zai saya. Duk shi ya turo su.

Na shiga na same shi. Ko kunya. Ya ce, "Na saya, na biya, 'yarka ta ba da rasit. Laifina ne don ka fi dilan sari araha?" Maƙwabta suka taru, wasu na dariya a ɓoye.

Ba zan sauke kwalin ba. Daga yau mutum ɗaya kaya ɗaya, kuma sai na kalli idon mai saye. In suna jira in durƙusa, su nemi kujera, jiran da tsawo.

Laraba, 19 ga Maris

Uwar yara ba ta sa baki a harkar shago, shekara da shekaru. Yau da safe ina ɗaura agogo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, sunan kirki kake saye, na gani, kuma yana da kyau. Amma da kayan yarinyar nan kake biya."

Na ce ban mutu ba tukuna, shagon nawa ne.

Ta ce haka ne. Ta miƙo mini makulli.

Duk hanya maganar na bina. Mata dai.

Juma'a, 21 ga Maris

Tsohon kaya ya ƙare tas. Ko waya ɗaya ban ƙara wa sisi ba. Na cika alkawari, a je a faɗa wa Shugaba.

Litinin, 24 ga Maris

Na je wajen dila sayo kaya. Na ɗauki hayar babbar motar da na saba.

Ni a raina kashi ashirin da biyar na tafi da shi. Ashe abin haihuwa yake yi a hanya. Dila ya zaunar da ni ya lissafa: an biya a tashar jirgi, mai fito da kaya ya ƙara nasa don aikinsa da kaso ake biya, kaya sun yi mako biyu ana gardamar sabon tsari an biya kuɗin ajiya, shi ma dila dole ribarsa ta hau kan jimla. Kafin waya ta iso hannuna ta haura kashi ɗaya cikin uku.

Na zube duk abin da na tara, uwa da riba. Waya arba'in da ɗaya maimakon sittin. Talabijin bakwai maimakon goma sha biyu.

Na sa ya sake bugawa. Ya sake. Haka ne.

Ya raka ni har bakin mota yana cewa labarina ya iso musu, wai ni ne mutumin kirkin layin. Direba ya gama lodi ya tsaya yana jira, ya ce, "Baba, sauran fa?" Na ce ja mu tafi.

Waya goma sha tara. Ba wuta, ba ɓarawo, ba ruwan sama. Ina suka shiga?

Talata, 25 ga Maris

Kantar sama wayam, kamar bakin da aka cire wa haƙora. Na shiga sito na kwaso tsofaffin kwalayen talabijin, na goge, na liƙe bakinsu, na jera. Ba ƙarya ba ce, ado ne. Kowane shago yana yi, ina jin.

Akanta ta riƙe mini tsani. Da ma ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Sabon kaya na sa masa sabon farashi, wannan ai gaskiya ce, ban saɓa wa maganata ba. Kwalin ƙofa na sauke da kaina, tunda aikinsa ya ƙare. Ba don kowa ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Malamar asibitin nan ta dawo da abokiyar aikinta, tana ta yabona tun daga ƙofa. Da ta ga farashi fuskarta ta canja. Ta ce, "Ashe kai ma ka bi su, Baba." Na fara bayanin tsohon kaya da sabon kaya, ba su tsaya ji ba.

Mako uku kacal albarkar ta yi.

Asabar, 29 ga Maris

Ban so in rubuta wannan ba.

Wani mutum ya zo da matarsa, za su sayi talabijin. Na nuna musu na ƙasa, ya ce a'a, wancan babban na sama yake so. Na ce an riga an saya. Dogo ne, kafin in rufe baki ya miƙa hannu ya jawo. Ya tattaro ƙarfi don ɗaukar nauyi, kwali ya taho masa fayau, har ya yi baya zai faɗi. Matar ta rufe baki da mayafi.

Akanta ce ta taso da murmushi, "Yallaɓai, na nuni ne, ainihin kayan yana sito, sai dai an biya shi." Ta lallaɓa su har suka sayi ƙarami.

Sito ba komai sai tsintsiya. Yarinyar da tun tana ƙarama nake dukan ƙirji da ita cewa ba ta san ƙarya ba, yau ta yi ta don ta rufa mini asiri. Wannan ya fi dariyar Mai Lasifika ciwo, nesa ba kusa ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ina neman almakashi a aljihun teburinta na ga wasiƙa. Tsohon ofishinta ne, suna so ta koma. Ban karanta duka ba. To, na karanta.

Na mayar yadda na same ta. In tafiya za ta yi ta tafi, da can ma ni kaɗai na riƙe shagon.

Abinci ya ƙi shiga.

Litinin, 14 ga Afrilu

Sun sake ƙarawa. Kashi goma a kan na da. Layi ya sake duƙufa kan takardun farashi, Mai Lasifika ya sake hawa kujerarsa, har yana ɗago mini hannu.

Kayan da ke kantata yanzu su ma sun zama tsohon kaya ke nan. Matsayina bai canja ba, na faɗa da ƙarfi don a ji. Na jira Akanta ta ɗauko waya ta ajiye a gabana, na shirya amsa tun a hanya. Ba ta ɗauko ba. Ta ci gaba da goge gilashin kanta, can ta ce, "Baba, akwai inda suke jiran amsata ranar Juma'a."

Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Da ta fita sallah na ɗauki takarda na buga da kaina. Waya arba'in da ɗaya za ta koma talatin da 'yan kai. In aka sake, ashirin da wani abu. Kwalayen sito ma ba za su isa rufe kantocin ba. Abin da zan miƙa mata ke nan ranar da na gaji, ƙofa da kwaɗo da sunan kirki.

Amma ƙarin farashi kan harajin da ban biya ba, hannuna ba zai rubuta ba. Ba zai rubuta ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Tabarauna ya daɗe yana damuna, ƙafarsa ɗaya ta saki. Yau na ga ya kamata a gyara.

Kafin in fita na ce wa Akanta takardun farashin nan rana ta cinye su, ba sa karantuwa, a sake sababbi. Ta dube su, ta dube ni. Mako uku ke nan da rubuta su.

Ta ce, "Da wane farashi, Baba?"

Na ce idonki ya fi nawa gani. Na ajiye mata makullin na fita.

Mai gyara minti goma ya yi. Na zauna a bencinsa muna hira har la'asar, mutumin kirki ne, ya san labarai.

Da na dawo an gama. Ban duba ba, ba ruwana. Ni dai ban ƙara wa kowa sisi ba, rubutun ma ba nawa ba ne, kowa ya san hannuna. Ba ta sake zancen Juma'a ba, ni ma ban tambaya ba. Ta sauke kwalayen sama ta mayar sito, ta baje kayan gaske a kantocin, da tazara, amma ba laifi.

Dab da tashi wani tsohon kwastoma ya shigo, ya ɗauki rediyo yana juyawa, ya ce, "Dattijo, nawa?" Na ce ya tambayi mai shago.

Sai da ya juya wajenta na ji abin da bakina ya faɗa.