Bismillar Abba da Na'urar Duba Mota

Abba,

Na fita da wuri, jirgin Abuja ƙarfe bakwai ne, ban so in tashe ka ba.

Na gano abin da ya hana 'yar na'urar da muka jona wa mota jiya amsa maka. Lafiyarta ƙalau, kada ka sa Malam Kabiru direba ya mayar da ita. Na duba wayarka da ka bari a falo, ashe duk umarnin da ka tura mata da "Bismillah" kake fara rubuta shi. Shi ya sa take ta ba ka alamar tambaya, don umarninta kaɗai take ganewa. Sai da na yi dariya ni kaɗai, ka yafe min.

Ka murɗa makulli amma kada ka tayar da injin. Ka rubuta ATZ kaɗai, ka tura. In ta amsa, sai ATSP0, sannan 03. Lambar matsalar da ta fito ka turo min. Don Allah kada ku kama hanyar Dutse da fitilar gargaɗin injin nan a kunne sai na gani.

Bismillarka ka yi ta da baki, Abba. Wanda ka yi dominSa yana ji.

Taka,
Salwa